Yadda ake amfani da birkin mota mai kama kansa, da yadda ake kula da shi a hanyoyin Yamai

Motocin hannu da ke shigowa Yamai a ƴan shekarun nan, musamman waɗanda aka sayo daga Amurka da Turai, da yawansu na ɗauke da birkin da ke kama kansa idan motar ta hango karo. Mutum zai sayi Corolla ko Camry ko RAV4, dillali ya miƙa masa makulli da takardun duwan, babu mai ce masa uffan a kan wannan na'ura. Sai ranar da ya matse wata tasi a cunkoson Gadar Kennedy, motar ta ƙwala ƙara ta dafe da kanta, sannan zai san da zamanta. Daga nan masu motoci kan rabu gida biyu. Wasu su tsorata, su nemi mai gyaran wutar mota ya kashe musu ita gaba ɗaya. Wasu kuma su saki jiki, su ɗauka motar ta iya tsaron kanta, su koma latsa waya a kan sitiyari. Na farkon ya yar da abin da zai iya ceton ransa da na wani. Na biyun ya ɗora wa na'urar kayan da ba a ƙera ta don ta ɗauka ba.

Amfaninta tabbatacce ne. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta bi rahotannin haɗurra ta gano cewa motocin da ke da gargaɗi haɗe da wannan birki sun rage afka wa motar gaba da kusan rabi. Sai dai a can aka yi lissafin, a kan kwalta mai tsabta, da motocin da ba a taɓa fuskarsu ba. Mu kuwa ga rairayi a kan hanya, ga hazon hunturu, ga zafin Afrilu, motar kanta kuma sau da yawa ta sha bugu tun kafin ta hau jirgin ruwa. Shi ya sa a nan aikin mai mota ya fi yawa.

A yawancin motoci wannan na'ura ido biyu gare ta. Ɗaya kyamara ce da ke manne a saman gilashin gaba, bayan madubin tsakiya. Ɗayan kuma rada ce, ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba, a ɓoye bayan tambarin kamfani ko a ƙasan farshok, wato bambar gaba. Rada na auna nisan abin da ke gaba da saurin da ake kusantarsa. Kyamara ita ke tantance ko abin mota ne ko mutum. Kwamfutar motar sai ta haɗa bayanan biyu ta lissafa sakan nawa ya rage a haɗu. In lokaci ya ƙure, abu uku take yi a jere cikin ƙiftawar ido: ta yi ƙara tare da jan rubutu a tablo, ta ɗana birki yadda ko taɓa shi ka yi zai kama da ƙarfi, in kuma ba ka motsa ba ta taka da kanta.

Fara da sanin abin da ke cikin motarka

Shekarar mota da ƙasar da aka ƙera ta dominta su ne alamar farko. Honda da Toyota sun fara sa irin wannan na'ura a wasu motocinsu na Japan tun 2003, Volvo kuma ta fito da City Safety a 2008, amma a lokacin motocin masu hannu da shuni ne kawai ke da ita. Ta soma yaɗuwa ne bayan Toyota ta fito da Toyota Safety Sense a 2015. A 2016 kamfanoni 20 suka yi alkawari a Amurka cewa zuwa Satumbar 2022 kusan duk sabuwar motarsu za ta fito da ita. Tarayyar Turai kuma ta wajabta ta a kan duk sabuwar motar da ake sayarwa daga Yulin 2024. Saboda haka Corolla ko RAV4 ta Amurka daga 2017 zuwa sama kusan tabbas tana da ita. Motocin da aka ƙera don kasuwar Afirka ko ƙasashen Larabawa, irin su Hilux da Land Cruiser na aikin daji, da yawansu ba su da ita ko da sababbi ne.

Kar ka tsaya ga shekara. Leƙa bayan madubin tsakiya daga waje, ka ga ko akwai ƴar taga mai kusurwa uku da idon kyamara a ciki. Shafa tambarin gaba da yatsa. A motocin Toyota masu rada a bayansa, tambarin sumul yake kamar an rufe shi da gilashi, babu rami babu tudu. Sannan ka shiga cikin saitin tablo da maɓallan da ke kan sitiyari. Toyota na kiran tata PCS, Honda na cewa CMBS, Subaru kuma EyeSight, ita yawanci kyamara biyu take aiki da su babu rada a gaba. Alamar yawanci hoton mota biyu ne da ɗan tauraro a tsakaninsu, ko mota da mutum a gabanta.

Littafin motar shi ne alƙali. In bai zo da ita ba, kamfanonin na ajiye shi kyauta a intanet, kana samunsa da Faransanci. Ka nemi na shekarar motarka daidai, domin abin da ta 2017 ke iyawa daban yake da na 2022.

Sai ka tabbatar tana raye

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi a wurinmu, kuma shi aka fi tsallakewa. Motocin Amurka da yawa da ke isowa nan an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari, kuma gaba shi ne inda mota ta fi shan bugu. A gyara farshok, a yi fenti, a goge ta tana ƙyalli, amma radar da ke ciki ko ta karkace, ko an cire ta, ko an sa wadda ba tata ba.

Murɗa makulli ko danna maɓalli ba tare da ka tada inji ba, ka zuba wa tablo ido. Fitilar na'urar ya kamata ta kama tare da sauran fitilu na ƴan sakanni, sannan ta mutu bayan injin ya tashi. In ta zauna a kunne, akwai matsala. In kuma ba ta kama ba sam, ka fi yin hattara, domin akwai marasa tsoron Allah da ke toshe fitilar daga ciki don kar mai saye ya gani. Bayan haka ka kwafi lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ka sa ta a intanet. Sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka ga inda aka buge ta da idonka.

A wani garaji na ga an kawo RAV4 da fitilarta ta ƙi mutuwa. Makanikin ya durƙusa a gabanta ya shafa tambari, ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan tambarin ba nata ba ne."

"Yaya ba nata ba, ƙanena? Ga shi na Toyota ne."

"Sa yatsa ka ji, Alhaji. Wannan mai rami ne, na wadda ba ta da rada. Nata sumul yake."

Da suka buɗe murfin inji ya haska tocila bayan raga, sai ga radar tana nan amma ƙarfen da ke riƙe da ita a lanƙwashe, an ɗaure shi da waya, fuskarta na kallon ƙasa. Wannan motar ta yi sa'a da ta kunna fitila. Wadda karkatarta kaɗan ce tana iya yin shiru, ta ci gaba da aiki da ido a karkace.

Kuma don Allah kar ka gwada ta da mutum, ko da bayan motar abokinka. Kwali ma ba ya nuna komai, domin na'urar na iya ƙin ɗaukarsa a matsayin mota. Hanyar gwaji ita ce a jona kwamfutar duba mota, a karanta abin da na'urar ke faɗa game da kanta.

Saiti, da abin da za ka yi ranar da ta kama

Yawancin motoci na ba ka zaɓi uku na lokacin gargaɗi: da wuri, tsaka-tsaki, ko a makare. A cikin gari, inda babura ke kutsawa ta ko'ina kamar a Wadata ko bakin Katako, wanda ya sa ta a kan da wuri zai sha ƙara har ya daina jin ta, kuma gargaɗin da kunne ya saba da shi ya tashi daga aiki. Tsaka-tsaki ya wadatar a Yamai. Ranar tafiya Doso ko Tawa, inda gudu ke da yawa, mayar da ita da wuri. A yawancin motoci wannan saitin lokacin ƙara kawai yake sauyawa, lokacin da birkin zai kama da kansa yana nan yadda kamfani ya sa shi.

Da ka ji ƙarar, ɗaga kai ka taka birki da dukkan ƙarfinka, kar ka tsaya neman dalili a tablo. Kar ka jira ta taka maka. An gina ta ne ta shigo a ƙurarren lokaci, don haka ƙafarka in ta riga ta, ta fi ta tsayar da mota da wuri. Za ka iya jin fedar na rawa a ƙarƙashin ƙafarka tana gurnani. ABS ne ke aiki, wato tsarin da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki da ƙarfi, ci gaba da dannewa. In kuma ita ce ta tsayar da motar cak, ka san riƙon na ɗan lokaci ne. A motocin Toyota bayan kamar sakan 2 take saki, motar otomatik kuma za ta ci gaba da jan jiki gaba in ƙafarka ba ta kan birki.

Wani lokaci takan kama babu dalili. Farantin ƙarfe a kan hanya, motar da aka ajiye a bakin kwana, motar gaba da ke shirin shiga lungu, ƙarfen shingen peyaji da bai gama ɗagawa ba, hayaƙin babbar mota mai kauri, duk suna iya ruɗa ta. In ka tabbata hanya a buɗe take, taka totur da ƙarfi ko ka juya sitiyari, za ta gane kana sane ta sakar maka. Wannan ɗabi'ar tata tana da wani gefe da ya kamata ka sani: wanda ya firgita ya danne totur a maimakon birki, na'urar na iya ɗauka da gangan yake yi.

Birkin nan ba ya sallama kafin ya kama. Yaron da ke tsaye tsakanin kujerun gaba, ko jaririn da ke kan cinya, ko tukunyar abincin da aka ɗora a kujerar baya, duk gaba za su yi. Ɗaura bel kafin a tashi, kai da duk wanda ka ɗauka, yara kuma a zaunar da su a baya. Fitilun birkinka na baya su kasance suna aiki, domin mai babur ɗin da ke manne da kai da su kaɗai zai san ka tsaya.

Abin da ba ta gani a hanyoyinmu

A nan ne nake so a fi natsuwa, domin abubuwan da littafin Toyota ya lissafa cewa na'urar na iya kuskure musu kusan su ne abin da ke cika titunan Yamai. Mai tafiya a ƙasa da tsayinsa bai kai kamar mita 1 ba, wato ƙaramin yaro. Wanda ke sanye da tufafi masu faɗi da ke ɓoye siffar jiki, ka tuna babbar riga da dogon hijabi. Wanda ya ɗauki kaya mai girma, ka tuna mai talla da faranti a ka. Wanda ke tura wani abu a gabansa, ka tuna ɗan ga-ruwa da kurarsa. Mutanen da ke tafiya a cunkushe, da wanda ya sunkuya, da wanda ya faɗo hanya kwatsam daga bayan mota. Kyamarar an koya mata siffar mutum ne da kai da kafaɗu da ƙafafu biyu a rarrabe. In siffar ta sauya tana iya ganin mutumin, tana iya rasa shi, kuma ba za ta gaya maka wanne ta yi ba.

Babur ma haka. Tsofaffin na'urori ba a gina su don gane babur ba, ballantana wanda ya gitta ta gefe a shataletale. Amalanken jaki, garken awaki, raƙumin da ya miƙe a tsakiyar kwalta a hanyar Tawa, raƙuman dawa na Kure da kan tsallaka hanyar Doso, yawancin motoci ba su san su ba. Volvo na da tsarin gane manyan dabbobi, amma Volvo nawa ke yawo a garin nan? Babbar mota mai dogayen ƙafafu da ke da fili a ƙarƙashinta, ko wadda rodi ya zarce bayanta, ita ma tana ruɗa rada.

Da dare abin ya fi rauni. Ƙungiyar direbobi ta AAA a Amurka ta yi gwaji a 2019 ta ga na'urorin lokacin ba sa gane mai tafiya a ƙasa cikin duhu, IIHS ma a 2022 ta ce a wurin da babu fitilar titi ba ta ga wani bambanci tsakanin mai na'urar da marar ita ba. Sababbi sun inganta, amma motocin da ke iso mana na waɗancan shekarun ne. Rana ma na makantar da kyamara. Mai dawowa daga Ƙwanni zuwa Dogon Dutsi da la'asar sakaliya, rana a fuskarsa, ya sani cewa abin da ke kashe masa ido yana kashe wa kyamarar. Haka guguwar ƙurar da ke gaban hadari a farkon damina, da ruwan sama mai ƙarfi.

Sai maganar gudu. Motar da ke kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowane sakan, a kan 100 kuma kusan mita 28, kuma in gudu ya ninka sau 2 nisan tsayawa yakan ninka sau 4. Toyota ta ce na'urarta ta farko mai rada da kyamara na iya rage gudu da kimanin kilomita 40 a awa kafin a haɗu da mota. Wanda ya zo da 100 ya tarar da tirela a tsaye, ragin zai iya raba shi da mutuwa, amma karon yana nan. Kuma duk lissafinta a kan busasshiyar kwalta mai riƙe taya aka yi shi. A kan rairayin da iska ke zubawa a gefen titi, ko a jar hanya mai tsakuwa, mota na zamewa fiye da yadda kwamfutar ta zata. Bar tazarar sakan 3 tsakaninka da na gaba, ka ƙara in akwai ƙura ko ruwa.

Tsabta, ƙura da zafi

Kulawar yau da kullum ba ta cin kuɗi. Kowace safiya kafin ka tashi, dubi wuri biyu: gilashin da ke gaban kyamara da fuskar rada. Zuba ruwa tukuna ƙurar ta gangara, sannan ka goge da tsumma mai laushi. Goge busasshiyar ƙura da tsumma yana kankare gilashi, kuma ƙananan zane-zanen nan su ne ke watsa hasken rana a idon kyamara. Ka gaya wa mai wanke maka mota wannan, ka kuma hana shi kafa bakin tiyon matsi a kan tambari ko kusa da rada. Da damina, bayan tafiyar dare, ƙwari kan mammanne a gilashi da tambari, taɓo kuma ya rufe radar da ke ƙasan farshok. A wanke kafin a sake fita.

Robobin goge gilashi rana na cinye su tun kafin damina ta zo. Sauya su a watan Mayu, ka cika tankin ruwansu, domin kyamarar ta wurin da suke gogewa take leƙe. Ta ciki kuma kar ka taɓa idon kyamara, kar ka fesa masa maganin goge gilashi, kar ka ɓalle murfinta.

Abin da muke liƙawa ma na da nasa laifi. Takardar inshora da ta binyat a sa su can gefe. Baƙar ledar da ake mannawa a saman gilashi don tare rana, da rubutun addu'a ko sunan gida, kar su bi ta gaban kyamara. Kar a ɗaura lambar mota a kan radar da ke ƙasa. Ranar ɗaurin aure, in za a yi wa mota ado da ƙyalle da furanni, a bar tambarin gaba a buɗe. Ƙarfen kariya da ake walda wa Hilux da Prado a gaba shi ne babban mai toshe rada. In motarka na da na'urar, kar a sa mata sai wanda aka ƙera da gurbin rada.

A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, motar da ta wuni a rana takan tashi da saƙon cewa kyamarar gaba ba ta aiki. Kar ka ruga garaji. Kyamarar ce ta yi zafi ta kashe kanta don kar ta lalace. Kunna kilim, ka yi ƴar tafiya, saƙon zai ɓace da kansa, amma ka sani kafin ya ɓace babu mai tsaronka sai kai. Inuwa ta fi komai. Farin mayafin nan mai ƙyalli da ake sawa a gilashi yana iya maida zafi kan kyamara, don haka a sa shi yadda ba zai rufe ta a tsakaninsa da gilashi ba. Ga yadda za ka bambance: saƙon da ya tafi bayan wanki ko bayan mota ta huce, na ƙura ne ko zafi. Wanda ya zauna bayan an wanke, an huce, an kashe an tayar, na makaniki ne.

Bayan kowane gyara a gaba, sai an sake saita ido

Rada kamar tocila take a hannun mai tafiyar dare, in hannun ya ɗan karkace, hasken can nesa yana sauka a wani wuri daban. Karkatar digiri 1 kacal tana zama kusan mita 1 da santimita 75 a nisan mita 100, wato rabin faɗin layin mota. Radar da ta karkace haka tana iya kama birki saboda motar da ke ɗaya layin, ta kuma rasa wadda ke gabanka.

Saboda haka ana buƙatar sabon saiti duk lokacin da aka sauya gilashin gaba, ko aka kwance farshok ko raga, ko motar ta bugi wani abu ko da a hankali ne, ko aka taɓa ƙafafunta aka sauya tsayinta. Bayan an daidaita tayoyi ma wasu motocin na buƙata. Gilashin da za a sa ya zama mai gurbin kyamara na ainihi, domin mai arha yakan lanƙwasa hoto ta yadda idon mutum ba zai lura ba. Mai bugun jikin mota kuma kar ya lafta mastik ko fenti mai kauri a wurin da rada ke leƙe.

Saitin iri biyu ne. Akwai wanda ake yi mota na tsaye: a ajiye ta a daɓe mai daidai, a duba iskar tayoyi, a fitar da kaya daga but, a auna tsakiyar mota da igiya da ma'auni, a kafa allon saiti a nisan da kamfani ya faɗa, sannan kwamfuta ta koya wa kyamara da rada inda gaba yake. Akwai kuma wanda ake yi ana tafiya a kan miƙaƙƙiyar hanya da kwamfutar a jone. Wasu motocin duka biyun suke so. Ido ba mudu ba ne, kuma a wannan aikin ƙimar da ya sani ba ta isa ba. Kafin ka bar motarka a garaji, tambayi mai gyaran ko yana da allon saiti, kuma ko ya taɓa yi wa irin motarka. In ya ce zai goge maka fitila da kwamfuta shi ke nan, ɗauki motarka ka ƙara gaba, domin goge fitila ba ya miƙe rada. In ba ka samu mai kayan aikin ba a Tawa, ka haɗa da tafiyarka ta Yamai, kafin nan kuma ka bar na'urar a kashe.

Birkin asali, taya da batir

Na'urar ba ta da birkin kanta, da naka take aiki. Takalman birki in sun cinye sun kusa milimita 3, a sauya. Man birki na shan danshi a hankali, kuma wanda ya sha ruwa yana tafasa in birki ya yi zafi, fedar ta yi laushi. Kamfanoni da yawa na cewa a sauya shi duk shekara 2 ko 3, da irin wanda aka rubuta a murfin tankinsa, DOT 3 ko DOT 4. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, zanensu kar ya gaza milimita 1.6. Mai sayen tayar hannu ya dubi lambobi 4 na ƙarshen rubutun DOT a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta tsufa ta bushe ba ta riƙe kwalta ko da zanenta na nan.

Fitilar ABS ko ta hana zamewa in ta kama, yawanci birki mai kama kansa ma ya tsaya, domin ta hanyarsu yake matse ƙafafu. A motocin Toyota ko da hannunka ka kashe VSC, wato tsarin hana zamewa, don fita daga rairayi, birki mai kama kansa ya daina aiki sai ka mayar. Batirin da zafi ya raunana shi ma yakan kunna fitilu barkatai, don haka a auna shi kafin a fara zargin rada. Lodi kuma na da tasiri: buhunan albasar Galmi a but suna danne baya su ɗaga hancin mota, rada da kyamara su koma kallon sama da inda ya kamata.

Lokutan da ake kashe ta

Akwai su, amma kaɗan ne: in ana jan motarka ko kana jan wata, in an ɗaga ta a garaji tayoyi na juyawa, in an hau da ita kan na'urar gwajin birki wurin duba lafiyar mota, in ka sa ƙaramar tayar safaya, in ka shiga daji cikin doguwar ciyawa ko tudun rairayi, da kuma bayan bugu a gaba har sai an saita. Cunkoson gari ba ya cikin lissafin, domin a nan ne ta fi amfani. Ana kashewa ta cikin saitin tablo ko ta danne maɓallinta na ƴan sakanni, fitilarta za ta zauna a kunne don ta tuna maka. A yawancin motoci da zarar ka kashe inji ka sake tayarwa ta dawo aiki, don haka wanda ke tafiya da radar da ta karkace sai ya riƙa kashe ta duk tashi. Direban gida, da uwargida, da duk wanda za ka ara wa motar, ka nuna musu fitilar da maɓallin, ka kuma gaya musu irin ƙarar da take yi kafin su fita da ita.